Kuza, Fetur da Burtsatse: Yadda Karatun Duwatsu Ya Zauna a Arewa

Tun kafin Bature ya iso da gudumarsa, mutanen Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta sanduna siri-siri, fatake su kwasa. Labarin wannan ƙarfe ne ya ja Turawa zuwa tsaunukan Jos, har a 1904 gwamnatin mulkin mallaka ta fara binciken ma'adinan Arewa. Duk wanda ya zauna ajin jiyoloji a ƙasar nan ya san sunan J.D. Falconer, mai littafin 1911 kan duwatsun Arewa, wanda ya fara shugabantar hukumar safiyon ƙasa da aka kafa a 1919. Shi ya raba giranit ɗinmu gida biyu, tsoho da sabo, kuma da wannan rabo ake yi wa ɗalibi bismilla har gobe.

Sabon ne mai ɗauke da kuza, don haka a kansa ido ya tsaya. Lokacin da kwalambait ya yi tsada a shekarun 1950, Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, sai aka bi tsaunukan nan ɗaya bayan ɗaya ana zana su. A 1958 Jacobson da MacLeod da Black suka wallafa aikinsu kan waɗannan duwatsu masu zubin zobe, saiwoyin tsofaffin duwatsu masu aman wuta da zaizaya ta tone. Daga baya aka auna shekarunsu, aka tarar jere suke: na Ayar a Nijar sun haura shekara miliyan 400, ana gangarowa kudu suna ƙuruciya, har na Afu da bai wuce miliyan 140 da 'yan kai ba. Aiki ne mai kyau, ban ƙi ba. Amma taswirar da muka gada ta fi cika a inda kamfani ke da riba, sauran ƙasar kuwa aka yi mata shafar mai.

Jami'o'i sun shigo a makare. Ibadan da Nsukka suka riga, Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 ta samu sashenta na jiyoloji a ƙarshen shekarun 1960, malamai irin su J.B. Wright suka kafa shi. Kafin nan an riga an samu fetur a Oloibiri a 1956, kuma shi ya juya akalar karatun. Ɗalibi na zaune a Samaru, hankalinsa na Fatakwal. Duk da haka mafi daɗin abin da aka koya mana a gida yake. C.A. Kogbe, wanda ya shirya littafin jiyolojin Nijeriya na 1976, ya daɗe yana aiki a kwarin Sakkwato, inda teku ya taɓa kwanciya. A Kalambaina malami zai ɗiga ruwan asid a kan farin dutse, ya tafasa yana kumfa, ka sunkuya ka tsinci bawon dabbobin ruwa a ƙasar da yau ake roƙon damina. A yankin Goronyo har ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku aka haƙo, aka raɗa masa sunan garin.

A daji ake zama ɗan jiyoloji. Za a ba ku yanki, ku fara da gaida mai unguwa, don baƙo mai fasa dutse ba ya rasa mai zarginsa. Tambayar farko kullum ɗaya ce: “Samari, zinariya kuke nema?” Guduma a hannu, kamfas a wuya, kuna auna inda shimfiɗar dutse ta karkata, kuna rubuta lamba a jikin kowane gutsure. In an dawo a yanka shi, a goge har kaurinsa ya koma milimita 0.03, a ɗora a madubin ƙara girma. Dutsen da ka raina a bakin hanya sai ya tashi da shuɗi da ja da ruwan goro, kana juya faifan launukan na kunnuwa suna mutuwa. Yau tsadar mota da rashin tsaro sun rage wannan fita a makarantu da yawa, kuma ana ganin giɓin a jikin waɗanda ake yayewa.

Kuza ta durƙushe da faɗuwar farashinta a 1985, ta bar wa Filato tafkuna da ramuka. Kamfanonin fetur ba su taɓa ɗaukar fiye da tsiraru daga cikinmu ba. Abin da ya ciyar da yawancinmu ruwa ne. Hukumar safiyo ta fara harkar rijiyoyi tun zamanin Turawa, a Barno kuma aka huda rijiyoyin da ruwansu ke bulbulowa da kansa. Amma farin shekarun 1970 da ayyukan raya karkara na shekarun 1980 su suka mai da burtsatse sana'ar ɗan jiyoloji. A Kano ko Zariya, inda tsohon dutse ke kwance a ƙarƙashi, ruwa ba ya zama sai a ruɓaɓɓen samansa ko cikin tsaga. Sai ka kafa turakun ƙarfe, ka ja waya hagu da dama, ka tura wuta cikin ƙasa, ka karanta yadda take ƙin wucewa. Daga nan ka nuna wuri ka ce a huda. In injin ya yi ta feso farar ƙura har mita sittin, mai gida ba direban injin zai kalla ba, kai zai kalla. A ganina wannan darasi ya cancanci fiye da zangon da ake ba shi.

A 2010 Zamfara ta nuna inda muka yi sake. Zinariyar Anka da Bukkuyum tana haɗe da dalma, dangin dutsen tozali, mutane suna daka ta suna niƙawa a tsakar gida, yara sama da 400 suka rasu. Ɗalibin aji biyu zai iya gane wannan dutse a tafin hannu, amma babu wanda ya kai wa ƙauyukan da abin ya shafa, irin su Bagega, labari da harshensu.

Yanzu kuma wata guguwar ta taso. An ƙaddamar da haƙar man Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a 2022, amma abin da ɗalibai ke tambaya a aji shi ne litiyam, tunda masu saye daga Sin sun cika Nasarawa. Jijiyoyin dutsen da ke ɗauke da shi, Jacobson da Webb sun bayyana su tun 1946, lokacin da kuza da tantalait ake nema a ciki. Masu neman lasisi a yau da wannan tsohon rahoto suke fara lalube.