Tafarkin Tsaka-tsaki na Buda da Rabon Ruwa

Wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, Buda ya yi wa'azinsa na fari a Sarnat, kusa da Banaras ta ƙasar Indiya. Ya hori almajiransa su guji gefe biyu, watau dulmuya cikin jin daɗi da kuma azabta jiki, su bi tsakiya. Horo ne ga mutum ɗaya game da ransa. Abin tambaya shi ne yadda ya zama abin da jama'a ke zaune a kansa.

Sarki Ashoka ne ya shigar da shi cikin sha'anin mulki. Bayan ya ci Kalinga da yaƙi wajen shekarar 261 kafin Miladiyya, yawan jinin da aka zubar ya dame shi. Ya sa aka sassaƙa dokokinsa a kan duwatsu, inda ya yabi taƙaita kashe dukiya da taƙaita tara ta, ya kuma sa aka haƙa rijiyoyi, aka dasa itatuwa a bakin hanyoyi. A zamaninsa ne Mahinda ya kai addinin tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka.

Arewacin tsibirin nan ƙasa ce mai doguwar rani, shinkafa ba ta yi sai da ruwan tafki. Sarakuna suka gina manya: Datusena ya yi Kala Wewa a ƙarni na biyar, Parakramabahu na Ɗaya (1153–1186) ya yi wanda ke Polonnaruwa. Kada fa a ɗauka fadar ta zauna lafiya, don kuwa ɗan Datusena ne ya kashe shi ya hau gadon. Inda tsaka-tsakin ya zauna da gindinsa shi ne ƙauyuka. Suna da wata al'ada, betma: in ruwan tafki ya kasa, sai a bar gonakin nesa, a raba na kusa da tafkin ga masu gona duka, kowa ya noma kaɗan, kada wani ya tashi hannu banza. Edmund Leach ya bayyana tsarin gona da ruwa na irin ƙauyukan nan a littafinsa Pul Eliya (1961). Betma ba hukuncin addini ba ce, dabarar manoma ce. Amma wa'azin rage kwaɗayi ya sami abin kamawa a cikinta.

Mutanen Miga da sauran garuruwan bakin Kogin Haɗeja sun san nauyin wannan magana. Da can ambaliyar damina ke shayar da fadama, mai shinkafa da masunci da makiyayi kowa da lokacinsa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, sa'an nan ta Chalawa a 1992, sai rabon ya koma hannun na sama. Ambaliyar da aka saba ta ragu, ruwa ya riƙa gudana har da rani, kacala ta toshe hanyoyinsa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe.