Mai Ruwan Batir da Mai Karɓar Kuɗin Haya

Duk wanda ya san kasuwar Kano ta zamanin da ya san sunan Manchesta, domin daga masaƙunta a ke kawo akoko da yadi iri iri. Birmingham kuwa garin maƙera ne, can a ke ƙera bindigogi da kayan tagulla. Garuruwa ne na hayaƙi da neman kuɗi, ba inda mutum zai zaci a sami masu hikima ba. Amma an yi waɗansu mutum biyu a cikinsu, ɗaya marubuci, ɗaya mai zanen hoto, waɗanda suka yi suna a Ingila duka, alhali kuwa ba wanda ya bar aikin da ya ke ci da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja cikin 1933, Abubakar Tafawa Balewa ma malamin makaranta ne sa'ad da ya rubuta Shaihu Umar.

Na Birmingham sunansa Joseph Henry Shorthouse, an haife shi cikin 1834. Ubansa yana da ma'aikata inda a ke haɗa ruwan nan mai cin ƙarfe, wanda yanzu a ke kira ruwan batir, yaron kuwa ya shiga wannan sana'a tun yana saurayi. Yana da i'ina ƙwarai, daga baya kuma farfaɗiya ta kama shi, saboda haka bai cika shiga taro ba. Ya auri Sarah Scott cikin 1857, Allah bai ba su haihuwa ba. Cikin 1866 ya soma rubuta wani dogon labari mai suna John Inglesant, a kan wani mutum na zamanin yaƙin basasar Ingila. Da rana yana ofis, da dare ya rubuta ɗan abin da ya samu, ya karanta wa matarsa. Haka ya yi ta yi har shekara 10. Wani babban sashi na labarin a Italiya ya faru, shi kuwa bai taɓa taka Italiya ba, daga littattafai ya san ta.

Da ya gama cikin 1876, masu ɗab'i ba su karɓa ba. Sai cikin 1880 ya sa aka buga masa guda 100 da kuɗin aljihunsa, watau ruwan batir ne ya biya wa littafin. Ɗaya ya faɗa hannun wata marubuciya, Uwargida Humphry Ward, ta nuna wa kamfanin Macmillan na Landan, suka buga shi cikin 1881. Nan da nan littafin ya bazu, har Gladstone, Firayim Minista na lokacin, ya yabe shi. Shorthouse ya rubuta waɗansu bayansa, amma ba wanda ya kama ƙafar na farin. Ya rasu cikin 1903. Cikin 1925 wani mai bincike, W. K. Fleming, ya nuna cewa wurare da dama a littafin an kwaso su ne daga tsofaffin littattafan ƙarni na 17, ba a kuwa faɗi ba. Wannan ya rage masa daraja, kuma yau ba kowa ke karanta shi ba.

Labarin na Manchesta ya fi wannan nauyi. Laurence Stephen Lowry an haife shi ran 1 ga Nuwamba 1887. Ubansa akawu ne. Uwarsa ta iya kiɗan piyano, tana kuma da son a gan ta cikin manya. Cikin 1909 kuɗi suka yi musu ƙaranci, suka bar unguwar masu hali ta Victoria Park suka koma Pendlebury, tsakiyar masaƙu da hayaƙi. Cikin 1910 Lowry ya kama aiki a wani kamfanin gidaje mai suna Pall Mall, aikinsa shi ne bin gida gida yana karɓar kuɗin haya. Ya yi shekara 42 a wannan kamfani, har ya zama mai riƙe da kuɗinsa, bai bari ba sai ran da ya cika shekara 65, cikin 1952.

Zane kuwa a makarantar dare ya koye shi, daga 1905, wurin wani Bafaranshe mai suna Adolphe Valette, sa'an nan a Salford har 1925. Shekara 20 ke nan yana tashi daga aiki ya wuce aji. Shi da bakinsa ya kan ba da labari cewa wata rana jirgin ƙasa ya tafi ya bar shi a tashar Pendlebury, ya fito ransa a ɓace, sai ya ga wata masaƙa ma'aikata suna fitowa daga cikinta, ya tsaya yana kallo kamar bai taɓa ganinta ba. Tun daga nan abin da ya fi zanawa ke nan: masaƙu, da dogayen bututun hayaƙi, da mutane sirara baƙi-baƙi, kowa ya sunkuyar da kai yana sauri. Launi biyar kaɗai ya ke aiki da su, fari da baƙi da ja da shuɗi da rawaya.

Mai ganin aikin kamfani ya tauye shi bai duba da kyau ba. Mai karɓar haya ya kan shiga lungun da mai kuɗi ba ya shiga, ya tsaya a ƙofar talaka, ya san ran da aka sami albashi da ran da tukunya ba ta hau wuta ba. Lowry ya kan zana abin da ya gani a bayan ambulan ko kowace 'yar takarda da ke aljihunsa, in ya koma gida ya mai da shi babban hoto. Albashin kuma ya sa bai damu da ko a saya ko kada a saya ba, shekaru da yawa kuwa ba a cika saya ba.

Inda ya sha wuya a gida ne. Ubansa ya mutu cikin 1932 ya bar bashi, uwar kuma ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Lowry shi kaɗai ne ɗanta, bai kuwa yi aure ba, har ya mutu. In ya komo daga aiki sai ya shiga jiyya, sai ta yi barci, wajen ƙarfe 10 na dare, sa'an nan ya ɗauki buroshi, ya yi ta zane har ƙarfe 2 ko 3. Gari ya waye ya ɗauki littafin haya ya fita. Shekara 7 yana wannan hali. Shorthouse ya sami mai sauraronsa a gida, Lowry bai samu ba, don uwar ba ta ga abin yabo a hotunansa ba, shi kuwa yabonta ya fi so bisa na kowa. Cikin 1939 aka nuna hotunansa shi kaɗai a Landan, karo na farko, aka saya, jaridu suka yaba. Cikin Oktoba na wannan shekara uwar ta rasu.

Bayan haka girma ya yi ta zuwa. An zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masu zane ta Ingila cikin 1962. Sau biyar gwamnati ta nemi ba shi lambar girma yana ƙi, har da sarautar Sir cikin 1968. Abin mamaki, duk wannan lokaci yana ɓoye zancen aikin kamfanin, don tsoron kada masana su ce ba gwani ba ne, mai zanen ranar Lahadi ne kawai. Abokansa na kusa suka rufa masa asiri, jama'a ba su sani ba sai bayan mutuwarsa, ran 23 ga Fabrairu 1976.

Cikin 2000 aka buɗe wani babban gida a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Salford, aka sa masa sunansa, aka tara hotunansa a ciki. Cikin 2022 gidan ya sayi hoton da ya zana cikin 1953, na mutane suna tururuwa zuwa kallon ƙwallo, a kan fam miliyan 7.8.