Concorde: Jirgin da Gwamnatoci Biyu Suka Haifa, Kasuwa Ta Kasa Riƙewa

Ranar 29 ga Nuwamba, 1962, wakilan Birtaniya da na Faransa suka zauna a Landan suka sa hannu a kan yarjejeniyar ƙera jirgin fasinja mai gudun da ya wuce na sauti. Gwamnatoci ne suka ƙulla ta da kansu, kuma suka rubuta ta ba tare da barin ƙofar fita ba. Wannan rashin ƙofa shi ya riƙe aikin. Da gwamnatin Harold Wilson ta hau mulki a Birtaniya a 1964 ta tarar da aljihu ba nauyi, ta nemi zame jiki, sai lauyoyinta suka nuna mata cewa diyyar da Faransa za ta iya nema a kotu ba ƙarama ba ce. Dole aka ci gaba.

Abin da ya haɗa ƙasashen biyu tsoro ne da neman girma. Amurka ta riga ta mamaye kasuwar jiragen fasinja da Boeing 707 da DC-8, Turawan kuwa suna ganin in ba su yi tsalle sun wuce gaba ba, masana'antunsu za su koma 'yan kallo. Aka raba aiki biyu. British Aircraft Corporation da Sud Aviation suka ɗauki gangar jirgin, Bristol Siddeley, wanda daga baya ya shige cikin Rolls-Royce, da Snecma na Faransa suka ɗauki injin Olympus 593. Aka kafa wuraren harhaɗawa biyu, ɗaya a Filton kusa da Bristol, ɗaya a Toulouse, domin babu mai yarda a ce a gidan ɗan'uwansa aka haifi jaririn. Irin wannan rabo yana da tsada, kuma kuɗin da aka ƙiyasta da farko ya ninka sau da yawa har ya haura fam biliyan 1, duk daga harajin jama'a.

Ta fuskar aikin injiniya dai, babu mai raina abin da suka yi. André Turcat ya tashi da jirgin farko daga Toulouse ranar 2 ga Maris, 1969, Brian Trubshaw ya bi da na Birtaniya ranar 9 ga Afrilu. Jirgin yana tafiyar kusan kilomita 2,180 a sa'a, ninki biyu na saurin sauti, a tsayin da ya kai mita 18,000, inda fasinja ke iya hango lanƙwasar duniya ta taga. Gogayya da iska tana ɗumama hancinsa har zafin ya haura digiri 120, ƙarfen ya miƙe, jirgin ya ƙara tsawo da kusan taƙi guda a sama, ya koma yadda yake in ya huce. Hancin nan kuma mai sunkuyawa ne, saboda jirgin yana sauka ƙirji a sama, matuƙi ba zai ga titi ba sai an karyo hancin ƙasa. Har man da ke cikinsa aka sa shi aiki na biyu: ana tura shi daga tankin gaba zuwa na baya don daidaita nauyi yayin da jirgin ke shiga babban gudu.

Sararin samaniyar yankinmu ma ya ga wannan jirgi tun kafin ya fara ɗaukar fasinja. Ranar 30 ga Yuni, 1973, an yi husufin rana da ya ratsa Sahara. Turcat ya ɗebi masana taurari a Concorde na farko daga Las Palmas, ya bi inuwar wata ta saman hamada, suka yi minti 74 cikin cikakken husufi, alhali mutumin da ke ƙasa bai samu fiye da minti 7 da 'yan daƙiƙoƙi ba. A Fort-Lamy ta Chadi suka sauka, garin da ake kira N'Djamena yau.

Amma a shekarar nan ta 1973 ne kasuwar jirgin ta rushe. Kamfanoni goma sha wani abu sun riga sun kama layi da niyyar saye, sai a watan Janairu Pan Am da TWA suka janye, saura suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Amurka, wadda majalisarta ta kashe nata shirin na Boeing 2707 a 1971, ta hana jiragen farar hula yin gudun da ya wuce na sauti a saman ƙasarta, saboda ƙarar da suke saki mai girgiza gidaje. A watan Yuni Tu-144, kishiyar Concorde daga Tarayyar Sobiyet, ta faɗi a idon jama'a a bikin baje kolin jirage na Paris. A watan Oktoba farashin mai ya yi tashin gwauron zabi, ga jirgi mai kujera 100 kacal da ke shan mai kusan daidai da Boeing 747 mai ɗaukar mutum ninki huɗu. Jimillar Concorde 20 aka ƙera, 14 ne suka yi aikin haya, bakwai ga British Airways, bakwai ga Air France, kamfanoni biyu da a lokacin na gwamnati ne. Waɗanda suka yi kwantai ma an miƙa musu ne a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

An fara jigila ranar 21 ga Janairu, 1976, Landan zuwa Bahrain, Paris zuwa Rio de Janeiro ta Dakar. New York, wadda domin ita aka yi jirgin, sai da aka sha shari'a da hukumar filayen jirginta kafin a samu sauka a Nuwamba 1977. Daga nan jirgin ya samu gurbinsa: sa'a 3 da rabi tsakanin Landan da New York, ta yadda mai tashi da hantsi zai isa, bisa agogon can, kafin lokacin da ya baro gida. A shekarun 1980 British Airways ya gano cewa yawancin fasinjojinsa ba su ma san kuɗin tikitinsu ba, ofis ke biya, kuma suna zaton ya fi haka tsada. Sai ya ɗaga farashi, jirgin ya fara kawo riba. Riba ce ta gaskiya, sai dai an same ta ne bayan an yafe kuɗin ƙira da mai biyan haraji ya zuba, mutumin da ba zai taɓa iya sayen tikitin da a ƙarshe ya haura dala 10,000 zuwa da dawowa ba. Ni a nan nake ganin raunin wannan gagarumin aiki, kuma raunin yana nan tun ranar da aka sa hannu.

Ranar 25 ga Yuli, 2000, Concorde na Air France ya taka wani ɗan ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgi a kan titin filin Charles de Gaulle. Taya ta fashe, ɓaraguzanta suka daki ƙasan fiffike, tankin mai ya ɓalle, wuta ta kama. Jirgin ya faɗa kan wani otal a Gonesse, mutum 113 suka rasu, 4 daga cikinsu a ƙasa. Aka dakatar da jiragen, aka yi wa tankuna shafin kariya, aka sauya tayoyi, suka dawo aiki a Nuwamba 2001, wata biyu bayan harin 11 ga Satumba ya durƙusar da tafiye-tafiyen manyan 'yan kasuwa. Jiragen sun tsufa, kayan gyara sun yi tsada, Airbus da ya gaji nauyin kula da su ya nuna ba zai ci gaba ba. Air France ya tsaya a ƙarshen Mayu 2003, British Airways ya yi jigilar ƙarshe ranar 24 ga Oktoba.

Matafiyi ya yi asarar abu na zahiri. Hanyar New York da Landan da aka taɓa yankewa cikin sa'a 2 da minti 52 da daƙiƙa 59 a 1996, yau sa'a 7 zuwa 8 take ci, kuma ba kasafai ɗan Adam ke kai wa wani mataki sannan ya sauko daga kansa ba. Wannan abin damuwa ne, ban ga dalilin ɓoye shi ba. Amma makonni uku kafin tashin Concorde na farko, Boeing 747 ya yi nasa tashin, kuma hanyarsa ce duniya ta bi: kujeru da yawa, tikiti mai sauƙi. Irin wannan jirgi ne ya yi shekaru yana kwasar alhazai daga Kano zuwa Jidda ɗari-ɗari a sawu guda. Kamfanoni suka mayar da gasarsu kan gadon kwanciya ga masu kuɗi, da jirage masu tsimin mai da ke yin doguwar tafiya ba yada zango.

Masu son dawo da gudun ba su haƙura ba. Kamfanin Aerion ya gwada ya rufe a 2021. Ƙaramin jirgin gwaji na kamfanin Boom, XB-1, ya wuce saurin sauti a Janairu 2025, hukumar NASA kuma tana aiki a kan X-59 don rage ƙarar nan zuwa abin da kunne zai jure. In sun yi nasara a kan ƙara, sauran lissafin mai da yawan kujeru, wanda shi ya sa Pan Am ya janye a 1973, kuma wannan karon babu gwamnatoci biyu da suka ɗaure kansu da yarjejeniyar biyan kuɗin.