Jingina da Bashin Kaka a Ƙasar Magarya da Dungas

Jingina ita ce mutum ya ba da abinsa a riƙe har ranar da zai biya bashin da ya ci. A ƙasar Magarya da Dungas, da ke kudancin jihar Damagaram ta Nijar a bakin iyakar Najeriya, abin da talaka ke jinginarwa ya yi ta sauyawa da zamani. An jinginar da mutum, an jinginar da amfanin da bai nuna ba, daga baya aka koma kan gonar kanta.

A ƙarni na 19, Dungas na cikin ƙasashen Sosebaki, Magarya kuwa tana hannun zuriyar sarakunan Daura da jihadi ya kora daga garinsu. Dukansu sun shiga ƙarƙashin daular Damagaram, wadda ƙarfinta ya kai matuƙa a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884. A lokacin akwai bayi da ake kamowa a yaƙi, wasu a sa su noma, wasu a ƙetara Sahara da su. Bawa na iya yin murgu, wato ya yi aikin kansa yana biyan ubangijinsa, har ya tara kuɗin fansa. Wanda aka jinginar kuwa ɗa ne ba bawa ba. Idan yunwa ta yi tsanani, maigida kan kai ɗansa ko 'yarsa gidan mai hali ya karɓo hatsi. Yaron zai yi ta ɗiban ruwa da kiwo da noma, aikinsa kuma ba ya rage komai daga bashin.

Faransawa sun kama Zinder, babban birnin Damagaram, a 1899, kuma a watan Disamba na 1905 suka kafa dokar hana bauta a ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma. Sai dai sun zo da harajin kai, wanda daga baya ya zama sai an biya shi da kuɗi. Yunwar 1913 zuwa 1914, da ake kira Kakalaba, ta tarar da gidaje da yawa ba rumbu ba tsaba.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa, wadda mutanen yankin ke ce wa gujiya, ta zama hanyar samun kuɗin haraji, har Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyinta a Nijar. Da ita bashin kaka ya kafu. Idan damina ta yi nisa, rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba, manomi kan je wurin ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi ko tiyoyin hatsi, a kan zai biya da amfanin gona. Da kaka, lokacin da farashi ya faɗi ƙasa warwas, mai bashi ya zo da buhunansa bakin masussuka ya auni nasa tun kafin a kai komai gida. Abin da ya rage ba ya kai iyali wata damina, sai maigida ya bar gandunsa ya tafi ƙwadago a gonar wani daidai lokacin da tasa ke bukatar noma. Gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA da hukumar UNCC a 1962 domin tsara cinikin gyaɗa da ba manoma rance. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka durƙusar da noman.

Daga nan nauyin ya koma kan gona. Yankin na cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, gado kuma yana ta tsattsaga gandu. Wanda ya jinginar da gonarsa ba ya shuka ta har sai ya mayar da kuɗin gaba ɗaya, ga shi ita ce hanyar samunsa. Idan shekaru suka ja, shaidu suka mutu, magadan mai riƙo kan ce saye aka yi. Samari da yawa na tafiya cin rani Kano, ko Aljeriya da Libiya, da niyyar tara abin fanso gonar uba.

Doka ta ɗan buɗe ƙofa. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, waɗanda ke rubuta takardar jingina a bambanta ta da ta saye. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, da aka kafa a 1991, ta matsa har aka yi dokar 2003, wadda ta sa ɗaurin shekara 10 zuwa 30 a kan laifin bauta. Akwai kuma bankunan hatsi na ƙauyuka, da wani tsari da hukumar FAO ta taimaka aka yaɗa tun ƙarshen shekarun 1990: manoma su ajiye hatsinsu a ma'ajiyar ƙungiya da kaka, su karɓi rance a kansa, su fanshe shi bayan farashi ya tashi. Wannan ma jingina ce, amma hatsin yana nan da sunan mai shi, gonarsa kuma tana hannunsa idan ruwan shuka ya sauka.