Tsohuwar Zuma: Asalin Jigon Komawa ga Masoyin Ƙuruciya a Ƙagaggun Labaran Hausa

Daga cikin jigogin da suka yawaita a littattafan soyayya na Hausa akwai na masoya biyu da suka tashi tare, aka raba su, sa'annan bayan shekaru suka sake haɗuwa. Manazarta da dama kan jingina wannan jigo ga finafinan Indiya ko littattafan Mills and Boon na Ingila. Ba a musun tasirin waɗannan, to amma idan aka bi sawun jigon, sai a tarar saiwarsa tana cikin tsarin auren Hausawa tun kafin a kafa majigi a Kano.

Littafin da ya fara taɓo batun shi ne Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda aka buga a Zariya a tsakiyar shekarun 1930. Abubakar da Zainab sun shaƙu tun suna yara, sai attajiri Malam Shehu ya aure ta da ƙarfin dukiya. Abin lura shi ne marubutan ba su buɗe wa masoyan ƙofar komawa ba. Abubakar bai jira mutuwar auren ba, sai ya shiga duniya neman asirin ramuwa, kuma sharrin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa. Watau a wannan mataki rabuwa ba ta haifar da kome ba sai fansa.

Rayuwa ta zahiri kuwa ta riga adabi nisa. A 1949 da 1950 Mary Smith ta rubuta tarihin Baba ta Karo daga bakinta a ƙasar Zazzau, aka buga shi a 1954. Auren Baba na fari na zumunci ne, da ɗan'uwanta Duma, ta yi shi don bin umurnin magabata alhali zuciyarta tana wurin Malam Maigari. Da auren ya mutu ta gama idda, shi ɗin ta aura. Baba ba ta ba da wannan labari a matsayin abin mamaki ba, domin hanya ce sananniya a zamaninta.

Dalilin haka yana cikin fiƙihun Malikiyya da almajiran ƙasar Hausa ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid. Uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa ba tare da izininta ba, amma bazawara ba a aurar da ita sai da yardarta, kuma sai ta furta da bakinta. Ke nan abin da ake kira dama ta biyu, a wurin macen da aka yi wa auren dole, shi ne zaɓinta na farko. A nan ne jigon Hausa ya sha bamban da na Turai. A littafin Persuasion na Jane Austen, wanda ya fito a 1817, Anne Elliot ta zauna shekara takwas ba aure har masoyinta ya dawo. Budurwar Bahaushiya ta wancan zamani ba ta da wannan sarari. Hanyarta ta komawa sai ta ratsa ɗakin wani mijin, ta bi ta saki ko takaba. Shi ya sa labarin yakan zo da kaya masu nauyi: 'ya'yan wani, da kishiyar da ta riga ta shiga gidan tsohon saurayin, da surukar da ba ta son ɗanta ya kwaso bazawara.

Adabi bai kama wannan hanya sosai ba sai da mata suka ɗauki alƙalami. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, ya kafa hujjar cewa yarinya tana da bakin magana a kan wanda za ta aura. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kansu, abin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, ta shirin Shafa Labari Shuni, ya kai irin waɗannan labarai kunnen waɗanda ba su yi boko ba, daga Kawo har Kakau da ƙauyukan da ke bayansu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na farkon shekarun 1990, ya nuna masoyan da dukiya ta raba, har Sumayya ta faɗa rijiya, kafin su sake haɗuwa.

Amma wadda ta fi zurfafa tambayar ita ce Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙarama. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, ba dukiya kaɗai ta raba Abu da saurayin da aka yi mata alkawarinsa ba. Shi ne da kansa ya guje ta don ba ta da ilmin boko, aka ba da ita ga tsoho, Sarkin Noma. Damar da Abu ta fara nema bayan ta gudu ba ta aure ba ce, ta karatu ce. Wannan ya sauya ma'aunin jigon: tambayar ta tashi daga ko masoyin zai dawo, ta koma ko ya cancanci a karɓe shi in ya dawo. Marubuta da yawa da suka biyo baya sun ɗauki haɗuwar, sun bar tambayar, sai su kashe mijin farko a hatsarin mota don su share wa masoya hanya, wanda kuwa gajeriyar dabara ce.

Tun daga shekarun 2010 kasuwar ta ƙaura daga rumfunan littattafai zuwa wayar hannu, inda ake sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna biyan kuɗi kafin a ci gaba. A daidai wannan lokaci, a 2012, gwamnatin Kano ta hannun Hukumar Hisba ta fara ɗaura auren zawarawa na gayya, abin da ke nuna yawan matan da ke tsaye a matakin da waɗannan labarai ke farawa.