Mai Zaman Gida a Hannun Mai Fassara: Zaɓen Kalmar Ingilishi da Misali daga Ƙasar Rogo

Tsakure

Wannan maƙala ta auna kalmomin Ingilishi uku da ake kiran mai zaman gida da su, "homebody" da "housebound" da "purdah", a kan rayuwar mutanen Fulatan da Zarewa a ƙaramar hukumar Rogo, maƙwabciyar Ƙaraye. Hujjarta ita ce tilas mai fassara ya san wane ne ke zaune, namiji ko mace, kafin ya zaɓi kalma.

Kalmomin da nauyinsu

"Homebody" na nufin wanda ransa ne ya fi son gida, ba a hana shi fita ba. "Housebound" kuwa wanda ciwo ko tsufa ya zaunar. "Purdah" asalinta Farisanci ce, ma'anarta labule, kuma daga Indiya Turawa suka ɗauko ta suka liƙa wa kulle.

Mace

A nan aka fi yin tuntuɓe. Baba ta Karo, wadda ta taso a yankin Zarewa, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Mijin marubuciyar, M. G. Smith, ya bambance auren kulle da auren tsare da abin da ake kira auren jahilai, inda mace ke fita gona da rijiya. Ya kuma danganta yaɗuwar kulle a karkara da hana bauta: matan da a da suke noma a matsayin bayi sun koma cikin gida don a san su 'ya'ya ne. Ke nan zaman ɗaka a wurinsu daraja ce da suka nema, abin da "purdah" ba ta ɗauke da shi.

Ba kuma zaman banza ba ne. Polly Hill ta nuna a 1969, daga Batagarawa ta ƙasar Katsina, cewa cinikin hatsi mai yawa a cikin gidaje ake yin sa. Wanda ya san Fulatan ba ya buƙatar littafi a kan wannan: mace na ɗaki tana matsar man gyaɗa, tana toya ƙuli-ƙuli, tana kirɓa fura, yara na kai talla, kuɗin adashi na shigowa. A kira ta "homebody" an mayar da tsarin aure da sana'a halin mutum ɗaya. A kira ta "housebound" an mayar da ita majinyaciya. A ganina duka biyun sun faɗi, gara a bar "matar kulle" yadda take a bi ta da jimlar bayani.

Namiji

Nasa ya sha bamban. Wurin magidanci da rana shi ne gona ko kasuwa ko zaure ko majalisa, da rani kuma matasa da yawa kan tafi cin rani. Wanda ya lafe a cikin gida za a tambaya ko lafiya. Idan ba shi da aikin yi, a ce yana zaman kashe wando. Idan bai taɓa fita ya ga duniya ba, a ce kifin rijiya. Duk zolaya ce ko zargi, alhali "homebody" ba ta da ɗaci. Ta fi dacewa da dattijon da ya gama yawonsa, yake wuni a zaurensa mutane na zuwa gaishe shi, ko da yake shi ma Bahaushe ba zai ce yana cikin gida ba, domin zaure wurin baƙi ne.