Man Dizal Mai Ƙarancin Salfa da Batun Santsi a Injinan A-kori-kura

Man dizal yana yin aiki biyu a cikin inji. Yana ƙonewa ya ba da ƙarfi, sannan shi ne ke shafe ƙarafan famfon mai da na nozul-nozul don kada su ci juna. A yawancin injinan a-kori-kura na zamani baƙin mai ba ya kaiwa cikin waɗannan sassa, saboda haka lafiyarsu ta dogara ne ga santsin dizal ɗin kansa.

Dalilin rage salfa

Salfa, wato farar wuta, sinadari ne da ake samu a cikin ɗanyen mai. Idan ya ƙone yakan ƙara gubar hayaƙi, ya kuma lalata na'urorin tace hayaƙi da ke jikin salansa. Wannan ya sa Amurka ta ƙayyade shi zuwa kashi 500 cikin miliyan a 1993, ta kuma rage shi zuwa 15 daga 2006. Tarayyar Turai ta sauko zuwa kashi 10 a 2009, yayin da ƙasashen ECOWAS suka amince da ƙa'idar kashi 50 a 2020.

Inda santsin yake tafiya

Ana yawan zaton salfa ne ke sa dizal santsi, alhali ba shi ba ne. Matatun mai suna cire shi ta hanyar haɗa man da iskar haidurojin cikin zafi da matsi mai tsanani, kuma wannan tacewa takan tafi da wasu sinadarai masu ɗauke da oksijin da naitirojin. Su ne ke manne wa ƙarfe su yi masa rigar kariya. An ga illar haka a Suwidin a farkon shekarun 1990, lokacin da famfunan motoci suka riƙa lalacewa bayan fito da dizal mai tsabta sosai. Tun daga nan ake zuba wa man sinadaran ƙara santsi kafin ya isa gidan mai. Dizal da ake yi daga man tsirrai ma yana wannan aiki, ko da kashi 2 cikin ɗari aka gauraya.

Yadda ake auna shi

A gwajin da ake kira HFRR, ana goga ƙwallon ƙarfe a kan faifan ƙarfe cikin dizal mai zafin digiri 60 na tsawon minti 75, sannan a auna tabon da ya fito. Ƙa'idar Amurka ba ta yarda tabon ya wuce maikiron 520 ba, ta Turai kuwa 460. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Abin da ya shafi a-kori-kura

Famfunan sababbin injina suna tura mai da matsin da ke kaiwa kusan sau 2,000 na matsin iskar duniya. Idan santsi ya gaza, famfon yakan fara zubar da garin ƙarfe, wanda ke bin mai ya shiga nozul-nozul da bututu har ya koma tanki, gyara kuma ya zama sauya layin mai gaba ɗaya. A Amurka an yi ta shari'a kan famfon Bosch CP4 da aka saka wa manyan a-kori-kura na Ford da Chevrolet da Ram, inda masu ƙara suka ce bai dace da dizal ɗin ƙasar ba. A 2021 an yi kiranye ga motocin Ram fiye da 200,000 don sauya famfon.

Kariya

Dizal mai ƙarancin salfa da ya cika ƙa'ida ba ya cutar da inji. A Nijeriya da Nijar, inda irin su Toyota Hilux ke jigilar kaya da ma'aikata, babban haɗarin shi ne algus. Kananzir da fetur ba su kai dizal santsi ba, ruwa kuma yana yanke rigar kariyar ya kawo tsatsa. Saboda haka ake son mai mota ya riƙa shan mai a gidan man da ya amince da shi, ya sauya filta a kan kari, ya riƙa zubar da ruwan da ya taru a ƙasanta. Zuba baƙin mai a tanki, kamar yadda wasu ke yi wa tsofaffin injina, yana toshe matacin hayaƙin sababbi. Wahalar tashi, mutuwar inji a kan tafiya da ƙyallin garin ƙarfe a cikin filta alamu ne da ke buƙatar a kai motar wajen bakanike ba tare da jinkiri ba.